Haƙorin Kubura

A bakin shagona na Agege aka gan ta,
zaune kan buhun ƙyallaye tana shan agwaluma.
Madam Bisola ta kawo ɗinkin buba,
ta mance da awo, ta ƙura wa 'yata ido:
"Maman Kubura, wannan wushiryar kuɗi ce."
Ta ajiye kati kan keken ɗinki, ta fice.

Kwana tara katin na cikin gwangwanin allura.
Babanta ya ce ba ya sayar da fuskar ɗiya.
Na ce ai haya ce,
kamar ɗakin nan da muke kwana a ciki.
Ya daɗe yana kallon rufi, ya ce a kawo takarda.
Malam Tasi'u ya bi ta layi-layi da yatsa:
hoton na shekara guda ne,
kada ki biya ko sisi da sunan rajista,
kada a shiga da ita ɗakin da ba kya ciki.
Kakarta ta bugo daga Gumel:
"Ku yi mata tofi. Baki ya fi kibiya."

A Ikeja yara sun kai arba'in,
kowa da lamba manne a ƙirji,
uwaye na goge hanci, suna gyaran kitso,
muna yi wa juna murmushin da bai kai ciki ba.
Aka miƙa mata kofin da babu komai:
Kurɓa. Yi dariya. Sake. Sake.
Sau goma sha ɗaya ta sha iska ta lashe baki.
Ran Talata waya ta yi ƙara: tallan madara, ita suka ɗauka.

Ran Laraba haƙorin ya fara rawa.

Na hana ta rake. Na hana ta kilishi.
Kunu da safe, kunu da dare.
In harshenta ya nufi wajen, sai in daka tsawa.
Ni da ke tattalin zare,
ga ni ina gadin haƙori kamar ƙofar banki,
ina lissafin kuɗin makaranta a bakin yarinya
mai shekara shida.

Asubar Juma'a, danfo, doguwar gada,
cunkoso ya tsaya cak, kwandasta na zagin wani.
Ta taɓa ni: "Umma, ga shi."
Ƙwayar shinkafa a tafin hannu, da ɗigon jini.
Tana dariya, dariyar da babu wanda ya ce ta yi.
Ni kuwa cikina ya ɗuri ruwa.
Ta rufe baki: "Kada ƙadangare ya gani!"
Babu rufin da za mu jefa shi,
sai ruwa shimfiɗe, da masunta a kwalekwale.
Na ɗaga ta zuwa taga. Ta wurga.

A Lekki mai hoton ya durƙusa, ya ce buɗe,
ya leƙa, ya sosa gemu.
Madam Bisola ta danƙa mini kuɗin mota a ambulan:
"In sabon ya fito, ki kira ni."
Wata yarinya mai jan ribon ta karɓi kofin.

Da muka sauka na sayi rake na ɗari biyu.
Ta ci da gefen baki, ruwan na bin gwiwar hannu.

Yanzu in mun ratsa Oshodi muna ganin allon,
yarinyar nan, fuskarta ta kai girman gida.
Kubura kan ɗaga kai ta ƙirga mata haƙora.
Jiya ta ce: "Umma, nata ma zai faɗi."

Sabon ya leƙo, ɗan karkatacce.
Katin yana nan tare da allurai.
Ban kira ba tukuna.
Na ce sai ta tambaya da kanta.